Yadda masana ke gano abin da ke cikin matsakaitan duniyoyi daga iskar da ta lulluɓe su

A ranar 17 ga Afrilun 2025 kafafen labarai na duniya, na Faransanci da na Hausa duka, sun ɗauki labarin cewa an ga alamar rayuwa a wata duniya mai suna K2-18 b. Kafin watanni uku su cika, wasu masanan sun sake duba bayanan sun ce hujjar ba ta kai ba. Tushen wannan saɓani tambaya ɗaya ce: mene ne a cikin duniyar, teku ne, narkakken dutse ne, ko kuwa iska ce zalla har ƙasa? Babu wanda ya taɓa ganin doron ko ɗaya daga cikin irin waɗannan duniyoyi. Abin da ake iya aunawa shi ne siririn ɓawon iskar da ke samansu, daga nan ne ake lissafo sauran. Wannan maƙala ta bayyana yadda ake yin lissafin, da inda yake da ƙarfi, da inda yake rauni.

Mece ce matsakaiciyar duniya

Duniyar da ke kewaya wani tauraro ban da Ranarmu, ita ce Faransanci ke kira exoplanète. Ta farko da aka gano tana kewaya tauraro irin Rana ita ce 51 Pegasi b, wadda Michel Mayor da Didier Queloz suka gano a 1995 daga cibiyar kallon taurari ta Haute-Provence a kudancin Faransa. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2019. A watan Satumban 2025 ƙidayar hukumar NASA ta Amurka ta haura duniyoyi 6,000.

Na'urar hangen nesa ta Kepler, wadda ta yi aiki daga 2009 zuwa 2018, ta fito da abin da ba a zata ba. Cikin duniyoyin da ta gano, mafi yawa sun fi Duniyarmu girma amma ba su kai Neptune ba. Faɗin Neptune ya kusa ninka na Duniya sau 4, nauyinta kuma sau 17. A iyalin Rana babu ko guda a tsakanin waɗannan biyun, don haka babu misali na kusa da za a kwatanta da shi.

A 2017 Benjamin Fulton da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wannan jinsi ya rabu gida biyu. Akwai masu faɗin da bai wuce ninki 1.5 na Duniya ba, waɗanda akasarinsu dutse ne. Akwai kuma masu ninki 2 zuwa 4, waɗanda ake kira ƙannen Neptune, a Faransanci mini-Neptunes ko sous-Neptunes. Tsakanin gidajen biyu, wajen ninki 1.8, duniyoyi ba su da yawa. Wannan maƙala tana magana ne a kan gida na biyu.

Awo biyu na farko: girma da nauyi

Ana gane girman duniya ne idan ta gitta ta gaban tauraronta ta rage haskensa. K2-18 b tana rage hasken tauraronta da kusan kashi 3 cikin 1,000, sau ɗaya a kowane kwana 33. Idan an san girman tauraron, wannan ragin ya isa a fitar da faɗin duniyar.

Nauyi kuma ana samunsa daga girgizar tauraron. Yayin da duniya ke zagaya shi tana ɗan jan sa gaba da baya, kuma na'urori irin su HARPS da ke La Silla a ƙasar Chile suna iya auna wannan motsi ko da bai wuce saurin mai tafiya a ƙafa ba.

Da girma da nauyi a hannu, sai a lissafa cunkushewar duniyar, wato nauyin kowane santimita kubik nata a matsakaici. Na ruwa giram 1 ne, na Duniyarmu giram 5.5, na Neptune 1.6. K2-18 b tana da faɗi ninki 2.6 da nauyi ninki 8.6 na Duniya, abin da ya ba da kusan giram 2.7. Wannan adadi ya yi sauƙi ga dutse zalla, ya kuma yi nauyi ga iska zalla. Dole gauraye ne.

Me ya sa awon biyu ba su wadatar ba

A ɗauka an ajiye buhu biyu a kasuwar Arzèkè ta Parakou, girmansu ɗaya, ma'auni kuma ya nuna nauyinsu ɗaya. Na farko cike yake da masara. Na biyu auduga ce aka cusa wa duwatsu a gindi. Igiyar awo da sikeli ba za su raba su ba. Ɗan kasuwa zai soki buhun ya ga abin da ya fito, amma mai nazarin taurari ba shi da wannan dama.

Haka lamarin ƙannen Neptune yake. Cunkushewar giram 2.7 tana iya fitowa daga gini uku mabambanta. Na farko: dunƙulen dutse da ƙarfe mai girma, da bargon iskar haidurojin da hiliyum mai kauri a kansa. Waɗannan iskoki ba su da nauyi, don haka ko da kashi kaɗan ne cikin 100 na nauyin duniyar, suna iya kusan ninka faɗinta. Na biyu: ƙaramin dunƙulen dutse, da ruwa mai yawan gaske, da siririn bargon haidurojin a sama. Na uku: dunƙulen dutse da bargo guda wanda ruwa da haidurojin suka cakuɗe a cikinsa, babu iyaka tsakanin teku da iska.

Gini na uku yana da ban mamaki ga wanda ya saba da ruwan rijiya da tururin tukunya, amma kimiyya ta san shi. Idan zafin ruwa ya wuce digiri 374 a ma'aunin Selshiyos, matsi kuma ya kai kusan ninki 218 na iskar da muke shaƙa, bambanci tsakanin ruwa da tururi yakan ɓace. A irin wannan hali ruwan yana gauraya da haidurojin kamar yadda hayaƙi ke gauraya da iska.

Ko cikin Duniyarmu ma ba da ido aka san shi ba. Rami mafi zurfi da aka haƙa, na Kola a Rasha, ya tsaya a kilomita 12 da ɗan wani abu, alhali daga doron ƙasa zuwa tsakiya kilomita 6,371 ne. Da igiyoyin girgizar ƙasa aka gane sassan ciki, kamar yadda Inge Lehmann ta ƙasar Denmak ta gano dunƙulen tsakiya a 1936. A duniyar da ke nisan shekarun haske 124, wato K2-18 b, babu mai kafa na'urar jin girgiza. Shekarar haske ɗaya kusan kilomita tiriliyan 9 da rabi ce. Sai dai a koma ga iska.

Yadda ake karanta iskar duniya mai nisa

Lokacin da duniya ke gittawa, wani ɗan kaso na hasken tauraron yana ratsa gefen iskarta kafin ya iso gare mu. Idan aka warware hasken zuwa launukansa, kamar bakan gizo, sai a ga wasu launukan sun ragu fiye da wasu. Kowace irin iska tana da launukan da take shanyewa, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsa nasa. Ruwa yana da nasa, iskar metan tana da nata, haka ma kabon dayoksaid. An fara yin wannan awo cikin nasara da na'urar Hubble, inda aka ba da sanarwa a 2001 cewa an ga sinadarin sodiyom a iskar HD 209458 b.

Alamar ƙarama ce ƙwarai. A K2-18 b bambancin da iskar ke kawowa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 10,000 na hasken tauraron ba. Shi ya sa aikin ya jira na'urar James Webb, wadda rokar Ariane 5 ta ɗaga daga Kourou a Guyane ta Faransa ranar 25 ga Disamban 2021. Madubinta yana da faɗin mita 6.5, tana zaune kusan kilomita miliyan 1.5 daga Duniya, kuma tana aiki da hasken infirared wanda ido ba ya gani, inda zanen waɗannan iskoki ya fi fitowa.

Alamomin da ake nema

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Masana suna tambayar wannan fuska abubuwa huɗu.

Na farko shi ne nauyin iskar. Ƙwayar haidurojin tana da nauyi 2 a ma'aunin masana sinadarai, ta ruwa 18, ta kabon dayoksaid 44, iskar Duniyarmu kuma 29 a matsakaici. Iska mara nauyi tana kumbura ta yi nisa sama, sai alamominta su fito manya. Iska mai nauyi tana kwanciya kusa da jiki, sai alamomin su ƙanƙance. Daga girman alamomin ake gane ko bargon haidurojin ne kusan zalla ko an cika shi da ruwa da kabon.

Na biyu shi ne amoniya. Hasken tauraro yana farfasa amoniya a saman iska. Idan bargon yana da zurfi, can ƙasa inda zafi da matsi suka yi yawa ana sake ƙera ta, iska kuma ta taso da ita sama. Idan kuwa akwai doro kusa, na teku ko na dutse, babu wurin sake ƙerawa, sai ta ƙare. Amoniya kuma tana narkewa cikin ruwa da sauƙi. Saboda haka a 2021 ƙungiyoyin masana da dama suka ba da shawara cewa rashin amoniya zai iya zama alamar doro.

Na uku shi ne gwargwadon metan da kabon dayoksaid. Inda haidurojin ya yi rinjaye, kabon yakan zama metan. Inda oksijin ya yi yawa, wanda galibi daga ruwa yake fitowa, kabon yakan karkata ga kabon dayoksaid. Gwargwadon nasu yana nuna yawan ruwan da ke ɓoye a ƙasa, ko da ba a ga tururinsa a sama ba.

Na huɗu shi ne zafin rana da na dare. Idan aka bi duniyar da kallo har ta gama zagaye guda, ana iya auna ɗumin ɓangaren da ke fuskantar tauraro da na ɓangaren duhu. Bargon haidurojin yana raba zafi cikin sauƙi, bargo mai nauyi kuma yakan bar bambanci babba.

K2-18 b: alama ɗaya, fassara uku

Kepler ce ta gano K2-18 b a 2015. Tauraronta ja ne ƙarami, kuma hasken da take samu daga gare shi ya yi kusa da wanda Duniya ke samu daga Rana. A 2019 ƙungiyoyi biyu masu amfani da Hubble suka ce sun ga tururin ruwa a iskarta. Daga baya Bruno Bézard na cibiyar kallon taurari ta Paris da abokansa suka nuna cewa metan ma zai iya barin irin wannan zane a launukan da Hubble ke gani.

A Satumban 2023 Nikku Madhusudhan na Jami'ar Kambirij a Ingila ya fitar da awon James Webb: metan da kabon dayoksaid, kowanne kusan kashi 1 cikin 100, cikin bargon haidurojin, kuma babu amoniya. Ƙungiyarsa ta fassara wannan da cewa akwai teku a ƙarƙashin siririn bargo.

A 2024 fassara biyu suka biyo baya. Oliver Shorttle, shi ma na Kambirij, ya nuna cewa tekun narkakken dutse a gindin bargo mai kauri zai iya shanye sinadarin naitirojin, wanda da shi ake yin amoniya, sai a ga rashinta daidai kamar yadda za a gani a duniyar teku. Nicholas Wogan na NASA kuma ya nuna cewa duniya mai bargo mai zurfi, wadda ba ta da doro ko kaɗan, tana iya ba da metan da kabon dayoksaid makamantan waɗanda aka auna. Akwai kuma matsalar zafi: haidurojin yana riƙe ɗumi sosai, don haka sai da gajimare masu mayar da haske mai yawa ne teku zai zauna bai tafasa ba.

Labarin Afrilun 2025 ya ginu ne a kan wata iska da ake taƙaita sunanta DMS, wadda a Duniyarmu ƙananan halittun teku ne suka fi samar da ita. Ƙungiyar Kambirij ta ce ta ga alamarta, ko ta wata mai kama da ita, a matakin da masana ƙididdiga ke kira sigma 3. A al'adar wannan fanni sai an kai sigma 5 ake cewa an tabbatar. Wasu masanan da suka sake lissafi sun ce wasu iskokin da dama za su iya barin irin wannan zane. A Yulin 2025 wani bincike da Renyu Hu na NASA ya jagoranta, da ƙarin awo na James Webb, ya tabbatar da metan da kabon dayoksaid kuma ya nuna cewa cikin duniyar yana da ruwa mai yawa, amma bai sami tabbatacciyar hujjar DMS ba. Ban da haka, an sami DMS a tauraro mai wutsiya 67P cikin bayanan kumbon Rosetta, inda babu halitta, kuma an ƙera ta a ɗakin gwaji ba tare da wani mai rai ba.

Enaiposha: duniyar da hazo ya rufe

Mutumin Djougou ko Parakou ya san yadda hazon hunturu yake daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodélé na Chadi, take ɓoye itatuwan nesa ta mayar da rana jan faifai. Irin wannan matsala ce ta hana masana karanta GJ 1214 b shekara da shekaru. An gano ta a 2009, tana nisan shekarun haske 48, faɗinta ninki 2.7 na Duniya, kuma tana gama zagayen tauraronta cikin awa 38. A 2014 Laura Kreidberg ta haɗa awon Hubble masu yawa, sai zanen ya fito a shafe babu alamar ko wace iska. Gajimare ko hazo mai kauri ne ya tare hanya. Hazon can ba ƙura ba ce: ana ganin hasken tauraro ne ke ƙera shi daga iskokin da ke sama.

A 2023 Eliza Kempton ta Jami'ar Maryland ta fitar da sakamakon bin duniyar da James Webb na kusan awa 40. Ɓangaren rana ya kai kusan digiri 280, na dare kusan 165, hazon kuma yana mayar da kusan rabin hasken da ya sauka a kansa. Bambancin zafin ya nuna cewa bargon yana ɗauke da iskoki masu nauyi da yawa. A shekarar ce kuma Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta amince da sunan da aka gabatar daga Kenya: duniyar ta zama Enaiposha, tauraronta Orkaria, duka daga harshen Masai.

Sauran ƴan gidan

Awon da aka yi zuwa yanzu ya nuna ƙannen Neptune ba iri ɗaya ba ne. TOI-270 d, wadda na'urar TESS ta gano a 2019 a nisan shekarun haske 73, ta nuna metan da kabon dayoksaid da alamar ruwa. Björn Benneke na Jami'ar Montréal ya fassara ta a 2024 da gini na uku, inda kusan rabin nauyin bargon sinadarai ne masu nauyi cakuɗe da haidurojin, yayin da ƙungiyar Kambirij ta ga yiwuwar teku. GJ 9827 d, mai faɗi kusan ninki 2, ta nuna iska mai yawan tururin ruwa a binciken Caroline Piaulet-Ghorayeb na 2024. TOI-421 b kuwa, mai zafi sama da digiri 600 kuma mai kewaya tauraro irin Rana, ta fito a 2025 da bargon haidurojin mara hazo.

Inda lissafin ke da rauni

Hasken da ke ratsa iskar yana taɓa saman bargon ne kawai, inda matsi bai kai na doron Duniyarmu ba, alhali gindin bargon yana iya kasancewa dubban kilomitoci a ƙasa. Abin da ke haɗa saman da gindin lissafin kwamfuta ne, kuma lissafin ya dogara da sanin yadda sinadarai ke yi a zafi da matsin da ke da wuyar samarwa a ɗakin gwaji. Tabon da ke fuskar jajayen taurari shi ma yana iya gurɓata awo ya yi kama da alamar iska.

Ko ganin ruwa ma ba ya faɗin asalin duniyar kai tsaye. A da ana ɗauka cewa duniya mai ruwa da yawa an gina ta ne nesa da tauraronta, inda ƙanƙara take, sannan ta matso. Amma haidurojin yana iya haɗuwa da oksijin da ke cikin narkakken dutse ya samar da ruwa a nan take, kuma gwaje-gwajen da aka wallafa a 2025 sun nuna hakan na faruwa a ƙarƙashin matsi mai tsanani.

Daga sararin Borgou da Donga

Parakou da Djougou suna kusan digiri 9 zuwa 10 arewa da tsakiyar Duniya, don haka waɗannan taurari biyu suna wucewa kusan tsaye a kan kai. K2-18 yana cikin burjin Asad, wato Zaki, kuma yana kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na dare a ƙarshen Afrilu. Orkaria yana arewa da burjin Kunama, yana kai ƙololuwa a irin wannan lokaci a ƙarshen Yuli. Dukansu sun yi dushe-dushe ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin hangen nesa mai ƙarfi.

Yankin yana da suna a sama ma. A 2019, cikin shirin raɗa wa duniyoyi suna, Togo ta sa wa tauraron WASP-64 suna Atakoraka, daga jerin duwatsun Atakora da suka ratsa arewa maso yammacin Benin, duniyarsa kuma Agouto. Najeriya ta sa wa HD 43197 suna Amadioha, duniyarsa Equiano. Waɗannan biyun manyan duniyoyin iska ne irin Jupita, ba sa cikin matsakaitan. Bayanan James Webb kuma ana sakinsu ga kowa a intanet, galibi bayan shekara ɗaya da ɗaukarsu, don haka ɗalibin kimiyya mai kwamfuta a yankin zai iya sauke awon K2-18 b ya yi nasa lissafin.

Abin da ke tafe

Hukumar sararin samaniya ta Turai tana shirin harba na'urar Ariel, domin auna iskar duniyoyi kusan 1,000. Da yawan misalai ne za a gane ko hazo, da nauyin iska, da yawan ruwa suna bin zafi ko irin tauraro. Kafin nan, duk lokacin da labari ya zo cewa an ga teku ko rayuwa a wata matsakaiciyar duniya, akwai tambaya uku da mai karatu zai iya yi: a matakin sigma nawa aka ga alamar, shin wata ƙungiya daban ta sake lissafin ta samu abu ɗaya, kuma wane gini na ciki ne ban da teku zai iya ba da wannan iska.